Gaisuwa Daga Cikin Jarka

Mai makarantar da na fara koyarwa a Talata Mafara ɗan kasuwar albasa ne. Ba don raini na faɗa ba, albasar ce ta gina azuzuwan, ita ce kuma take biyanmu albashi. Aibinsa guda ne: duk abin da ya gani a waya sai ya ce a yi shi a makarantarsa. A shekarar da nake magana, ƙanensa da ke karatu a Turai ya turo masa bidiyon 'yan makarantar can, an kai su kan wani dutse fari fat da ƙanƙara, sun ɗaura katako a ƙafa suna sulu daga sama har ƙasa. Ya tara mu a ofis ya zagaya da wayar, kowa ya kalla ya ce ma sha Allah. Sannan ya ce 'ya'yanmu ma mutane ne, su ma za a kai su sulu.

Hedimasta ya yi gyaran murya, ya tuna masa cewa ƙanƙarar da muke da ita a garin nan ita ce wadda ake jefa wa zoɓo. Mai makaranta ya ce ya sani, shi ba yaro ba ne. To laka fa? Wane ne a cikinmu bai yi sulu a laka ba da ƙuruciya, ya sha bulala da yamma? Abin da yake so kawai a zaɓo wuri mai kyau, kuma a hanzarta, don damina ta zo ƙarshe, gero ya nuna, nan gaba kaɗan ƙasa za ta bushe.

Aka naɗa kwamitin mutum biyu. Ni, don ni ne ƙarami kuma ina da babur, sai malamin Arabiyya, wai don a samu mai addu'a. Aikina in gwada kowane gangare da jikina kafin a kai 'ya'yan mutane. Abin hawa kuwa jarkar mai ce aka tsaga biyu a tsaye, mutum ya zauna a ciki ya ɗaga ƙafa, wani ya tura shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ina da dalili. A lokacin ina neman aure a Bakura. Yarinyar tana sona, ina sonta har ba na son a faɗi laifin garinsu. Baffana ya riga ya je ya nema mini, amma mahaifinta, wani dattijon malami mai karantarwa a zaure, ya ce a ba shi lokaci ya bincika halina, zai ba da amsa bayan girbi. Mutumin nan ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. An ce ya taɓa korar wani manemin yayarta don an gan shi yana cin gyaɗa yana tafiya a kasuwa. Saboda haka na daina zama wurin mai shayi, na daina shiga gidan kallon ƙwallo, ko atishawa zan yi sai na waiga. Kullum ina cikin shadda mai sitaci, hula a karye daidai, ina takawa a hankali. A irin wannan lokaci ne aka miƙa mini rabin jarka.

Muka fara da dam ɗin Bakolori, don shi ne mai suna, shi mai makaranta ya fi so. Gangare kam akwai shi, mai tsawo, amma duwatsu ne aka jera a jikinsa, ƙarshensa kuma ruwa ne wanda ba a ganin ƙasansa. Malamin Arabiyya ya leƙa, ya ja da baya, ya ce in zan gwada in fara gaya masa inda na ajiye makullin babur. Ban gwada ba. Muka sayi soyayyen kifi muka ci a inda ba mai ganina, muka dawo.

Washegari muka nufi wajen Maradun, lokacin ana bin hanyar ba fargaba. Wani mai kiwo ya nuna mana tudu, ya ce wata guda da ya wuce ko akuya ba ta iya tsayuwa a kansa don santsi. Wata guda da ya wuce ke nan. Yanzu ya bushe ƙamas, ciyawa ta rufe shi. Duk da haka na zauna a jarka, abokina ya yi bisimilla ya tura ni. Jarka ta yi gaba kaɗan ta cije, ni kuma na ci gaba ba ita. Ashe ciyawar nan ƙarangiya ce, ta nuna sarai. Na miƙe da ita tun daga ƙeya har dunduniya, har a wuraren da ba zan rubuta ba. A tsaye na tuƙo babur muka dawo gida, malamin Arabiyya a bayana yana cire mini ɗaya bayan ɗaya yana cewa sannu.

To, 'yan ajina 'yan Bakura sun daɗe suna cewa a bayan garinsu, bakin fadama, akwai wani gangaren yumɓu da ruwa ke tsattsafowa daga jikinsa, shi ne yake ƙarshen bushewa. Na yi ta toshe maganar. Na ce nisa, aka ce Maradun ba kusa ba ne. Na ce macizai, aka ce a ina babu su. Ƙarshe mai makaranta ya ce in ban je ba shi zai je da kansa ya nemi izinin dattawan garin, ya gaya musu sunan malamin da zai yi gwaji. Ba shiri na ɗauki jarkata.

Na zaɓi hantsi, lokacin da na san dattijon yana zaure da ɗalibansa. Muka bi ta bayan gari kamar ɓarayin kaji. Shadda ce a jikina, don na ce in ma wani ya hango ni daga nesa ya ga mutumin kirki.

Gaskiya wurin ya yi. Yumɓu ne ja, sumul, ba dutse ba ƙaya, ƙasansa fili ne mai yashi. Na ce wa malamin Arabiyya ya tura a hankali. Har yau ban yafe masa turin nan ba.

Jarka ta ɗauke ni. Iska ta cire hulata tun a sama. A tsakiyar gangare ta juya da ni, na koma ina tafiya da baya, ina kallon abokina yana ƙanƙancewa, hannunsa biyu a ka. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai daɗi. Na ji wani ihu yana tashi, sai daga baya na gane nawa ne. Na wuce filin yashin da ya kamata in tsaya, na keta ta cikin waken wani bawan Allah, na faɗa wata 'yar hanya, jarka ta sake juyowa, ta tsaya cak a gaban wasu takalma guda biyu.

Na san takalman. Na sha ganinsu a ƙofar zaure.

Ranar, ashe, dattijon ya sallami ɗalibai ya fito duba shinkafarsa. Yana tsaye da rawani da carbi, ni ina ƙasa, laka har cikin kunne, ganyen wake a wuya. Na yunƙura in tashi in durƙusa, jarka ta ƙi sakina, ta kama ni a ƙugu gam. Na ga ai gaisuwa ba ta jiran kowa, kuma dama a ƙasa ake yin ta. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah gafarta Malam, kun kwana lahiya?"

Ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya ce, "Lahiya lau. Ina gajiya?"

Na ce ba gajiya. Ya tambayi gida, na ce lafiya. Ya tambayi baffana, ya tambayi mahaifiyata da jikinta, ya tambayi mutanen Mafara, ya tambayi ruwa, na ce ruwa ya yi gyara. Ni ma na mayar masa ɗaya bayan ɗaya, ya iyali, ya ɗalibai, ya ƙoƙari. Ba abin da muka tsallake. Duk wannan ina zaune a jarka, gwiwoyina a sama, ruwan laka yana ɗiga daga haɓata.

Sai ya ce, "Ya aiki?"

Na ce, "Aiki da godiya. Shi na muka ciki."

Nan ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska har ido, ya juya ya tafi da sauri, ko sallama babu. Dattijon da bai taɓa yanke gaisuwa a tsakiya ba. Na bi bayansa da kallo har ya shige cikin dawa, na ce shi ke nan, aure ya mutu. Na ji kamar in yi kuka, sai dai malamin Arabiyya ya iso da hulata, ya taka jarka da ƙafa ya ciro ni.

A hanya ya tausaya mini. Ya ce in ina so mu je mu ce Bakura ba ta yi ba, a fasa tafiyar gaba ɗaya, kada abin ya ƙara yaɗuwa. Amma ni zuciya ta riga ta ɗebe ni. Na ce tunda na rasa mata a kan gangaren nan, wallahi sai an yi sulu a kansa. Na shiga ofis da lakata na ce Bakura, kuma ba na son wata tambaya.

Da yamma na kira yarinyar. Faɗa ta rufe ni da shi, tana yi tana kuka. Ta ce duk maza na duniya ba wanda ya rasa abin yi sai nata. Ta ce tunda Baba ya dawo daga gona ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, bai ci abinci ba, sai wani irin tari suke ji yana yi. Ta ce in ya hana, ita ba za ta saɓa masa ba, in san da haka. Na sani.

Ranar tafiya yumɓun ya fara tsagewa, sai da muka sa masu kurar ruwa suka yi ta kwara masa ruwa. Yara sun yi sulu har muryarsu ta dishe. Rabin Bakura sun fito kallo. Mai makaranta ya tsaya a sama cikin babbar riga yana ɗaukar bidiyo zai tura Turai, ya matso baki don ya samu hoto mai kyau, ya sauka gangaren gaba ɗaya ba jarka. Kowa ya yi dariya ban da ni. Ina ta duba taron ko zan ga rawani, ban gani ba.

Aka yi girbi, aka kai gero rumbu, shiru. Na rame. Na koma wurin mai shayi tunda ba sauran abin da nake tattali. Sai ran nan aka aiko baffana ya je Bakura. Na zauna a ƙofar gidansa tun fitarsa har ya dawo. Ya sauka daga mota, ya yi alwala, ya yi sallah, ya nemi fura, duk ina kallonsa. Da gangan yake yi, na san halinsa.

Da ya ga dama ya ce, "Ya ba ka. Amma da sharaɗi."

Ya ce dattijon ya sallami kowa daga zaure kafin ya yi magana. Dattijon ya ce ya bincika bai samu aibina ba, kuma wanda jarka ta riƙe bai fasa gaisuwa ba, ba zai wulaƙanta ɗiyar mutane ba. Sai dai tun ranar nan bai samu lafiyar kansa ba. Yana tsakiyar ba da karatu sai ya ga gwiwoyin nan biyu a sama, dole ya tashi ya shiga gida. Abin da iyalinsa suka ɗauka tari ne, ba tari ba ne. Baffana ya kwaikwayi muryarsa: "Suruki ba abokin wasa ba na. In na dube shi dariya zan yi, in kuwa na yi, girma ya zube, nawa da nashi. Shi ɗauki matarshi, amma kada shi sake shi zo gabana."

Haka aka yi. Ranar ɗaurin aure ina can bayan taro. Tun daga nan, duk sallah, duk suna, duk ta'aziyya, sai in je in durƙusa a bayan katangar zaure in ɗaga murya, shi kuma ya amsa daga ciki. Mukan yi gaisuwarmu cikakkiya, sai dai bai ƙara tambayata aiki ba. In muka yi kiciɓis a hanya, ni in shige lungu, shi ya kalli sama. Mutanen Bakura har misali suke yi da mu, wai a zamanin nan ba a ga surukai masu kunyar juna kamarmu ba. Matata takan ji ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa.

Mun haifi 'ya'ya, sun yi wayo, suna shiga wurinsa su hau cinyarsa su ja gemunsa, su fito su ba ni labari. Ni da na fi kowa son in zauna kusa da shi in ɗauki karatu, muryarsa kawai na sani. Abin yana ba ni dariya, wani lokaci kuma yana ci mini rai.

Bara ya kwanta ciwo, ya daɗe. Na je na durƙusa a bayan katanga kamar kullum, na yi masa ya jiki. Amsar ta fito can ƙasa, da ƙyar na ji. Na fara haramar tashi sai ya kira ni, ba da sunana ba, da sunan babban ɗana ya haɗa.

Ya ce, "Shigo in gan ka. Yanzu ba ni da ƙarhin dariya."

Na cire takalmi na shiga. Ya tsufa fiye da yadda na zata, ba rawani, kansa fari fat a kan matashi. Na durƙusa a gefen tabarma. Ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sai na ga leɓensa ya fara motsi.

Ashe da saura.