Sunan da Kawu Budil ya kwaso daga Kano

Duk wanda ya san Kawu Sanda ya san ba ya waiwayowa sai an ce Budil. Ko gobara ce ta kama masa rumbu, ka ce "Sanda!", wallahi sai dai ya ƙone.

Yayan mahaifiyata ne. Da ƙuruciya ya je cin rani Kano, ya yi wa wani Baturen Ingila ban ruwan furanni, sunansa Mista Budil. Da Baturen zai koma gida ya ba kuku agogo, ya ba direba keke, Kawu ko allura. Sai Kawu ya ce, "To, na ɗauki sunan. Ai ya fi keke, ba ya faci."

Ma'anar sunan kuwa kullum sabuwa. A kasuwar Matameye, in yana sayar da akuya, Budil na nufin wanda ba ya ragi. In ya shigo gidanmu ana kwasar tuwo, sai ya ce wa mahaifiyata, "Hajiya, a Ingila Budil shi ake fara zuba wa." Ta ce, "To tafi Ingilar a zuba maka!"

Rannan wani mushen lakwal, malamin makarantar boko daga Kance, ya duba a salularsa, ya ce, "Baba, ashe a ƙauyukan Ingila budil wata ciyawa ce mai fitowa cikin gonar alkama." Muka fashe da dariya. Kawu ko gezau.

"In an nome ta, mutuwa take?"

"An ce dawowa take."

"To! Ni ne ɗin nan."

Abu ɗaya ke cin ransa: Allah bai ba shi haihuwa ba, yana tsoron a binne sunan tare da shi. Duk gidan da aka haihu sai ya je tallarsa. Ranar sunan ɗana na fari ya ja maroƙi gefe ya cika masa aljihu da goro. Liman ya raɗa Ibrahim, sai ga maroƙi yana shela, "Jariri ya ci suna Ibrahim Budil!" Na bi Kawu da takalmi har bakin masallaci, yana gudu yana cewa, "Ya riga ya shiga kunne, ɗan nan!"

Bai shiga ba. Kawu ya rasu ba shi da takwara ko ɗaya.

Ni dillalin dabbobi ne, ba na ɗaga murya a ciniki. Ana gab da Layyar bana wani baƙo daga Dungu, wanda bai taɓa ganin Kawu ba, ya taya rago, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. Sai ya ce, "Haba Alhaji, wannan budil ɗin ya yi yawa!"

Na riƙe igiyar ragon. Na sallama masa a yadda ya taya.

Ciyawarka ta dawo, Kawu. Allah ya jiƙan Sanda, yau dai ba za ka hana mu faɗa ba. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa can a fara zuba maka.