Malam Nu'umanu, Wanda Ya Ƙi Karɓar Fadamar Babana

Kowace safiya Malam Nu'umanu yakan riga kowa isa wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke Tambuwal. Ya goge teburinsa, ya zauna yana yanka wa marasa lafiya kati. Ranar Asabar kuma ya hau tsohon babur ɗinsa, ya bi ƙauyuka yana tuna wa waɗanda asibitin ke bi bashi. Shekara ashirin da uku yana wannan aiki. A watan jiya ya ajiye, saboda idonsa ya yi rauni.

Ni a aji biyar na tsaya, kuma ban iya magana cikin mutane ba. Amma akwai abin da ya kamata in faɗa tun shekara biyu da suka wuce.

An yi wa babana, Malam Na'iya, aikin ƙaba a asibitin, muka koma gida Fakku da sauran kuɗi a kanmu. A lokacin ruɗewar tsufa ta riga ta kama shi. Yakan ci tuwo ya ce ba a ba shi ba, yakan kira ni da sunan innata da ta rasu. Muka ɓoye, don kada a ce ya haukace. Yayana Mu'awiya yana Legas, ni kaɗai ke gida da Baba.

Ranar da Malam Nu'umanu ya fara zuwa, Baba na zaune a zaure da abokansa biyu. Da ya ji an ambaci bashi sai ya ɗaga murya.

"Ni Na'iya ba a bi na har ƙofa," in ji shi. "Ku ɗauki fadamata ta bakin gulbi. Ga shaidu nan."

A wurinmu, idan dattijo ya yi magana gaban shaidu, ta zauna. Ɗiya ba ta fitowa ta ƙaryata ubanta. Ina bayan ƙofa ina ji. Fadamar nan ita ce abincinmu, amma ko tari na kasa yi.

Malam Nu'umanu ya ce, "To Baba, bari in kwana da maganar."

Washegari ya dawo. Baba ya dube shi ya ce, "Maraba da baƙo. Ɗan wa kake?"

"Ɗan Dogon Daji ne, Baba. Gaisuwa ta kawo ni."

Suka yi hirar damina. Da zai tafi ya ja abokan Baba gefe ya ce, "Maganar jiya ban ji ta ba. Ku ma ba ku ji ba." Malam Sambo, ɗaya daga cikinsu, har yau yana ba da wannan labari.

Sai Malam Nu'umanu ya nemi ya ga mai kula da Baba. Asabar uku yana zuwa, ina tura maƙwabciyarmu Hamdiyya ta ce ba kowa. Kunya ce kawai. Daga baya na ji cewa a cikin makonnin nan mai asibitin ya yanke masa albashi, wai ya yi sakaci. Yaya Mu'awiya kuma ya kira shi a waya ya zage shi, ya ce yana tsorata tsoho. Na san gaskiya, na yi shiru.

A Asabar ta huɗu ya tsaya bayan katanga ya ɗaga murya: "Ɗiyar Malam, ba sai kin fito ba, saurara kawai." Ya ce zai sa sunana a matsayin wakiliya, kada a ƙara yi wa Baba maganar. Mu biya kaɗan-kaɗan bayan girbin shinkafa. Kada in ba kowa ko kwabo sai ya ba ni rasit. Ya kuma soke kuɗin wani magani da aka rubuta mana sau biyu.

A kakar bara muka gama biya. Baba ya rasu cikin azumi, bai san ana bin sa komai ba.

Malam Nu'umanu, mai rufa asirin tsofaffi. Kai ne aka aiko ka karɓa, aka miƙa maka fiye da abin da ake bi, ka ƙi. Albashin da aka yanke maka bai dawo ba. Zagin da ka sha, kalma ɗaya daga bakina ta isa ta hana shi. Ka yafe mini. Na gode, Allah ya ba idonka lafiya.

Masu bin bashin asibiti, ku yi koyi da shi, ku nemi ɗan tsoho kafin ku riƙe tsoho da maganarsa. Mu kuma 'ya'ya, mu daina ɓoye ciwon iyayenmu. Fadamarmu ba ni na tsare ta ba, baƙo ne.