Man da Bai Yi Baƙi Ba

Shekarun baya can, tun gemuna bai fara furfura ba, ƙungiyar manoman garinmu ta samu sabuwar tarakta, aka ce ni zan tuƙa ta, in zama shofer ɗinta. Garin namu yana gefen Tirmini, gero da gyaɗa muke nomawa. Na taɓa tuƙa wata tsohuwar tarakta wadda sai an tura ta take tashi, shi ya sa aka ga na fi kowa dacewa.

Ranar da aka kawo ta daga Damagaram ja ce wur, kujerarta ko leda ba a cire mata ba. Na hau na zauna, ban ma tayar da ita ba. Daga can sama na ga garinmu kamar ban taɓa ganinsa ba. Na ga kan rumbuna, na ga hanyar rijiya tana lanƙwasa har ta ɓace cikin gawo. Gonakin da ko sharar su ba a gama ba, a idona sun riga sun yi kore shar. Na daɗe a haka, har mahaifiyata ta aiko a tambaye ni ko a can sama za a kai mini fura.

Bakaniken da ya rako taraktar ya nuna mini wani ɗan agogo a gaban sitiyari. Lokacin ban daɗe da shiga ajin koyon karatu na manya ba, amma lambobi ina gane su.

Ya ce, "Wannan ba nisan tafiya yake ƙirgawa ba, awa yake ƙirgawa. In ya kai hamsin ka kira ni mu yi bidanj, mu zubar da tsohon mai mu zuba sabo. Na inji da na bwat, duka biyun."

Bwat shi ne cikin nan da haƙoran ƙarfe suke cizon juna suna juya ƙafafu, kuma man da ke cikinsa shi ke ɗaga garma ya sauke ta. Na ce masa na ji.

Damina ta faɗi, muka shiga aiki. Ƙungiya ta tsara gonaki bi da bi. Nakan fita tun da sanyin safiya, garma tana tsaga ƙasa, ƙamshin danshi yana tashi, balbelu suna bin bayana kamar 'yan rakiya. Wani lokaci sai in ji kamar ba tuƙi nake ba, kamar ina zaune ne kawai duniya tana wucewa ta ƙarƙashina a hankali. Agogo kuwa yana ta cin lambobinsa. Ya kai hamsin, na ce bari in ƙarasa gonar da nake ciki, sai ga shi ya ɗan gota.

Gonar da ke biye ta abokina ce, wanda muka yi kiwon awaki tare tun muna yara. A shekarar ya rabu da shanun nomansa, ya ce tunda tarakta ta zo kuma ni ne a kanta, me zai yi da wahalar ciyawa. Gonar gyaɗar nan ita ce shekararsa gaba ɗaya. Kuma ga shi an tafka ruwa mai kyau, irin wanda ake jira. Ƙasarmu yashi ce, danshi ba ya daɗewa a cikinta. In ya wuce ba ka yi huɗa ka shuka ba, sai ka jira wani ruwan, gyaɗar da ta makara kuwa ɓawo take cika buhu da shi.

Na kira bakanike. Da ya ji na gota hamsin sai ya ce, "Kashe ta. Gobe da safe ina nan tafe, daga nan zan wuce wajen Takieta, ban san ranar dawowata ba. In ka ƙara aiki da man nan, garanti ta faɗi, kada wani abu ya lalace ku neme mu."

Da na gaya wa abokina a ƙofar gidanmu, sai ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Da ya ga fuskata ba ta wasa ba ce, ya je ya zaro sandar gwajin man bwat, ya shafa a yatsa, ya ɗaga wa mutanen da suka taru.

"Jama'a ku duba mini. Wannan ne za a zubar? Kamar man gyaɗa sabon matsa! Na babur ɗina sai ya yi baƙi kamar gindin tukunya nake canzawa. Mai injin niƙa ma haka. Kai shofer, ko dai gajiya ka yi kake neman hutu?"

Kowa ya ce gaskiyarsa. Mu a garinmu da ido muke gane mai, in bai yi baƙi ba to da sauransa. Ni kaina da na kalli yatsan nasa yana sheƙi, sai na ji hujjata ta yi sanyi. Abin da kawai na iya faɗa shi ne, "An ce hamsin."

"An ce! Wa ya ce? Shi mai cewar yana da gona?"

Mahaifiyata tana zaune a zaure tana ɓare irin gyaɗa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ku da ba ku taɓa durƙusawa gaban dutsen niƙa ba. In an kawo sabon dutse, garin farko fari ne tas, ba ka bambanta shi da kowane gari. Sa shi a baki ka ji yadda haƙori zai yi ƙaras-ƙaras. Kaji ake zuba wa."

Abokina ya ce, "Haba Inna, tarakta fa ba dutsen niƙa ba ce."

Ta ce, "To me ke cikinta, in ba abu yana gogar abu ba?"

Aka yi dariya. Abokina ya sassauto, ya ce to, amma kafin rana ta take gobe yana son ya ji ƙarar taraktar a gonarsa. Na yi masa alkawari, don bakanike ya ce aikin ba ya kai hantsi.

Washegari bakanike ya iso a kan babur da jarkokin mai. Muka tayar da taraktar ta ɗan yi ɗumi, ya kwance murfin ƙasa, mai ya kwararo cikin babbar roba. Sai da cikinta ya tsiyaye tas sannan ya buɗe kwalin sabon matacin mai, ya gwada, ya juya, ya sake gwadawa. Bai shiga ba. Na wata taraktar ya ɗauko. Ya yi salati, ya hau babur ya koma Damagaram, ya bar ni da tarakta ba ko ɗigon mai a cikinta.

Na tsuguna gaban robar. Rana ta faɗa cikin man, sai na ga yana ƙyalli. Wasu 'yan ƙanana ne birjik, sun fi ƙwayar yashi ƙanƙanta, suna juyawa a hankali, suna nutsewa suna tasowa, kamar an kwaso taurari an zuba a zuma. Na manta da inda nake. Ina kallo ina tunanin duk safiyoyin nan da nake jin daɗi a kan kujera, ashe a ƙarƙashina sababbin haƙora ne ke goge juna suna zubar da garinsu. Murfin da aka kwance yana da maganaɗisu a bakinsa, ya tara garin ƙarfe ya yi masa gemu baƙi mai laushi.

Inuwar abokina ce ta dawo da ni. Ya tsuguna, ya murza gemun nan tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana kallon robar. Sannan ya ɗaga kai ya dubi sama, ba gajimare ko ɗaya.

Ya ce, "Na gani. Amma ƙyalli ba ya yi mini huɗa."

Ya tashi ya tafi, bai yi mini sallama ba.

Na zauna kaɗan, sannan na nufi gidan kawuna na ari shanunsa biyu da garmarsu. Rabona da riƙe garmar shanu na manta. Na fara daga tudun gonar abokina, inda ke saurin bushewa. Shanun suka gane baƙon hannu, ɗaya ya ja gabas ɗaya ya ja kudu, ni kuma ina bayansu ina neman birki da ƙafa. Mutumin da jiya yake kallon gari daga sama, yau ga shi yana tuntuɓe yana roƙon shanu.

Ban san tun yaushe abokina yake tsaye a gindin aduwa yana kallona ba. Sai muryarsa na ji.

"Kai shofer! Sa musu bitesi na biyu mana!"

Giya yake nufi, kamar a tarakta. Na ce, "Zo ka nuna mini inda yake."

Ya zo ya kama igiyar gaba yana ja, yana yi musu magana a hankali, suka natsu. Ni dai garmar ba ta miƙe a hannuna ba, sai karkacewa take yi. Haka muka yi ta yi har rana ta yi ja, ba ka jin komai sai numfashin shanu da ƙarar ƙasa tana kifewa. Muka gama tudun ban da wata kusurwa. Iyalinsa suna biye da mu suna shuka.

Bakanike bai dawo ba sai da safe. Ya ɗaura matacin da ya dace, ya zuba sabon mai, na shiga kwarin gonar da bai riga ya bushe ba, na gama shi kafin azahar. Kusurwar nan ta tudu ce ta kuɓuce mana. Sai da wani ruwan aka shuka ta, kuma abin da ta bayar bai taka kara ya karya ba. Abokina bai taɓa yi mini gorin ta ba, ni ne dai nake tunawa.

Yanzu in sababbin direbobi suka tambaye ni yaushe ake canza man bwat, nakan ce na farko da wuri ake yinsa, wajen awa hamsin, ko da man yana da kyaun gani. Bayan nan sai an yi ɗaruruwan awoyi, gwargwadon abin da masu ƙera kowace tarakta suka faɗa. Nakan ƙara musu da cewa su gwada sabon mataci kafin su kwance murfi, kuma su dubi agogo tun damina ba ta kankama ba. Sauran abin da na koya ba na iya faɗa musu a tsaye. Na yi wa ƙarfe abin da ya dace da shi, kuma mutum ne, abokina, ya ɗauki asarar hakan, shi ya sa ban iya zama a inuwa ina jiran bakanike ba.

Da gyaɗar ta tsiro a shekarar, gonar ta zama abin kallo. A kwari layuka sun miƙe kamar an ja da zare, a tudu kuwa suna tafiya kamar sawun maciji. Duk wanda ya biyo hanya sai ya tsaya ya tambaya. Abokina kan nuna ƙasa ya ce, "Waɗannan kunyoyin tarakta ne." Sai ya juya ya nuna tudu, ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce, "Waccan kuwa kunyar shofer ce. Ku bar mini ita, ta fi ba da gyaɗa."