Sabon Baki a Bindigar Baba

Bindigar Baba ta girme ni. Irin wadda ake ɓalle mata hannu ta ƙasa ce, a mayar, harsashi ya hau. Da ita ya yi rakiyar shanu a zamanin fataucinsa, da ƙarfi ya ragu kuma ya koma harbin zabin daji a wajen Naki-Est bayan girbi. Fitar da ta rage masa ke nan. In ba ita ba, yana kan tabarma a Dapaong yana musu da rediyo.

Shekarar da tsatsa ta cinye cikin bakin bindigar, bai leƙa daji ba. Zama ya fara cin sa, abinci ma sai da lallashi, kuma abin ya tsorata ni. Shi da kansa ya naɗe ta a buhu, ya ce in kai ta Sokodé, akwai wani maƙeri Bakotokole, ɗan ƙabilar garin, a unguwar Komah da ke sa wa irinta sabon baki.

Na sauka a Zango gidan kawuna mahauci da niyyar kwana kaɗan. Da na kai wa maƙerin bindigar, ya juya ta, ya leƙa cikinta.

"Bindigan nan ya tsufa, amma zai tashi," in ji shi. "Ka dawo jibi."

Jibinsa ba ya zuwa. Kullum ina hanya tsakanin Zango da Komah, har masu koko suka fara tambayata ko an gama. Ga Baba a waya safe da yamma: an ƙone ciyawa, zabi sun fito, abokansa sun fara fita. Rashin abin yi ya sa na kai ƙotar wajen baduku ya yi mata rigar jar fata, na sa aka jera mata ƙusoshin tagulla. Kawu ya ce amarya nake shiryawa.

Ranar da aka gama, ko sallama ban yi da kyau ba na kama motar arewa. Da na isa gida, Baba bai bari na sha ruwa ba. Muka fita bayan gari, na kifa ƙwarya a kan kututture. Ya saita, ya harba. Ƙura ta tashi a dama da ƙwaryar. Ya sake, nan dai ta sake tashi. Na karɓa na gwada, ni da ban iya ba, ƙwaryar ta tarwatse.

Ya daɗe yana shafa sabon bakin.

"Tsohon yana ja hagu," ya ce. "Tun ina saurayi nake ba shi dama kaɗan. Ni ma na manta ina yi."

"To Baba, sai a saba da wannan."

"Hannun nan ya gama koyo. Ina tsohon?"

A nan tsaye na kira maƙerin. Ya ce ai ya riga ya yanka shi, ya yi bututun zugazugi.

Washegari abokansa suka zo a kan babura, suna ta yaba jar fatar da ƙusoshin. Baba ya miƙa wa ɗayansu bindigar, ya ce su je, in sun samu su kawo masa zabuwa ɗaya. Na tsaya a ƙofa har ƙarar baburan ta ɓace. Da na koma ciki na tarar ya cire takalman da ya sa tun da asuba.