Agololin da Na Ba da Haya

Ni dai wawa ne, kuma wautata mai shaida ce, don sai da alƙalin Turawa ya sa mata hannu. Karatuna bai wuce rubuta sunana ba, shi ma a karkace. Guga nake yi a wata masana'antar ɗinki a unguwar Whitechapel ta Landan, shekarun da kuɗin fetur ya tumbatsa a gida. 'Yan uwanmu su zo Landan su cika akwatuna, ni in yi musu dako.

Na auri Hajara, bazawara. Mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu, Sani da Ladi, suna Zariya wajen kakarsu. Sharaɗinta ɗaya ne, in kawo mata su. Na ce, "Sha kuruminki." A raina kuwa na ce, ni da ciyar da agola?

Wata rana abokin aikina ya leƙa takardar albashina ya ce, "Kai Malam, da matarka ake yankar maka haraji kamar gwauro?" Ashe mai aure ana rage masa, kowane yaro a ƙara ragewa, ko agola ne, ko yana Najeriya, in dai kai ke ciyar da shi. Na rantse wa masu haraji ni ke ciyarwa. Albashin Juma'a ya yi kauri. Ko sisi bai ga hanyar Zariya ba.

Da abin ya yi daɗi sai na fara ba da yaran haya. Mai son ragi ya ɗan shafa mini hannu, in ba shi sunayensu da takardun haihuwa na jabu. Suka yi uba a unguwar Lewisham, suka yi a Thamesmead, har wani ɗan Gana ya haife su.

Hajara ta gaji da "sai baɗi". Ta tara kuɗin sharar asibiti, ta nema musu izinin shigowa da kanta. Nan aka gano yara biyu, ubanni rututu. Jami'in shige da fice ya ce mini, "Cikin yaran wane ne babba?" Na ce Ladi. Ashe Sani ne.

Aka hana yaran shigowa, ni kuma alƙali ya ba ni masauki kyauta. Kafin in fito ta karɓi takardar sakinta ta koma gida.

Samari, na tuba, amma ku ji ni. Ragin nan halal ne ga wanda ya ciyar. Kada ka rubuta yaro a takarda in ba ka sa shi a tukunyarka ba.

Na tsufa kafin in yi ƙarfin halin zuwa Zariya neman gafara. Na tarar Hajara ta rasu. Sani, magidanci da furfura, ya shimfiɗa mini tabarma, ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Baba, an ce ubanninmu sun cika Landan. Cikinku wa ya taɓa saya mana ko silifa?"