Fuskar Ɗiyar Fari

Ƙanwata a Sakkwato ta yi karatu, can ta koyi ɗaukar hoto da zane a kwamfuta, kuma tun tana makaranta take cewa fim za ta yi a kan matan bakin gulbi. Ni ina aure a Wurno, ina koyarwa a firamare. Shekarar da ruwa ya yi yawa, bayan ya janye, sai ga ta da jaka da kyamara, ta ce in raka ta wurin Gwaggonmu a wani ƙauye kusa da Goronyo. Innarmu ta ce ba ta yarda ta tafi ita kaɗai ba. Lokacin hutu ne, maigidana ya ba ni izini, na bi ta.

Mun tarar da rabin katangar Gwaggo a ƙasa, an tokare sauran da itace. Duk da haka bandarta na hayaƙi, kifi jere a kan waya, mata na shigowa suna fita. Da ƙanwata ta fito da kyamara, sai kowacce ta ja gyale ta rufe fuska. Gwaggo ta yi dariya.

"Ɗiyata, murya dai kina iya ɗauka. Amma huska, babu wadda za ta ba ki."

Ƙanwata ba ta yi gardama ba. Ta ce za ta ɗauki muryoyi, ta ɗauki hannuwa da ruwa da hayaƙin banda, mutanen kuma ta zana su da hannunta, zane mai motsi. Aikina shi ne riƙe na'urar ɗaukar murya da jan hira, don matan sun fi sakin jiki da matar aure. Suka ba mu labarin gero da ya ruɓe a tsaye, da irin albasa da ruwa ya kwashe, da makonnin da suka yi a ajin makaranta da awakinsu.

Akwai wata maƙwabciyar Gwaggo da ke zuwa kullum da safe ta taya ta fasa kifi. Doguwa ce, ba ta wuce sa'ata ba, kuma ba ta taɓa sa mana baki a hira ba. Gwaggo ce ta gaya mana abin da ya same ta. Ɗiyarta ta fari, wadda ba ta daɗe da fara azumi ba, ta shiga kwalekwale za ta kai abinci gona a tsallake, jirgin ya kife. A wani ƙauye can ƙasa aka tsinci gawar, mazan garin suka yi mata sutura suka rufe ta kafin labari ya iso. Uwar ba ta gan ta ba.

Wata safiya ƙanwata na zaune a gindin darbejiya tana zana Gwaggo a kan ɗan allon lantarkinta, sai matar ta leƙo ta bayanta. Ta daɗe tana kallo. Ta goge hannunta da zane, ta tsuguna.

"Wagga Gwaggo ce," ta ce. "Har da yadda take karkata wuya." Sannan ta ce, "Malama, kina iya zana wanda ba ki taɓa gani ba?"

Ƙanwata ta dube ni. Na san abin da ke tafe, na so in girgiza mata kai, amma ta riga ta amsa.

"In an kwatanta mani shi, Yaya, ina gwadawa."

Haka aka fara. Kullum bayan an gama kifi sai su zauna su biyu, ni ina gefe. Matar ba ta taɓa faɗin sunan yarinyar ba, saboda kunyar ɗan fari. "Yarinyar" kawai take cewa, ko "waccan". Ta ce baƙa ce, siririya, tana da wushirya. Ƙanwata ta zana. Matar ta duba ta ce goshin ya yi faɗi. Aka rage. Ta ce idanun ba haka suke ba. Ƙanwata ta tambaye ta yaya suke, manya ne ko ƙanana, sai matar ta kai dubanta wajen banda.

Washegari ta dawo ta ce ta tuna, idanun irin na ubanta ne. Aka gyara, ta ce a'a. Muka tambayi sauran mata. Wata ta ce yarinyar da kakarta take kama, wata ta rantse hancin uwar ne ta ɗauko, Gwaggo ta ce ita dai abin da ta riƙe shi ne dariyarta. Fuskoki suka taru a allon, kowace kyakkyawa, babu wadda uwar ta karɓa.

Rannan, ƙanwata ta tafi sa wa allon caji a shagon mai sola, matar ta yi mani magana ba tare da ta dube ni ba.

"Kin san yadda munka tashi. Ɗan hwari ba a kallonai cikin mutane, ba a kiran sunanai, ba a yi mai wasa. In ta shigo ɗaki sai in ɗauke kai. In ta yi mani magana sai in amsa ma bango. Ina jin daɗinta a raina, wallahi, amma ban taɓa zama na ƙare mata kallo ba. Na ɗauka akwai lokaci. Yanzu in na ruhe ido, mi nike gani? Kallabinta."

Ni ma ɗiyar fari ce, kuma har yau Innarmu ba ta kiran sunana.

Gwaggo ta fara damuwa. Ta ce matar ta daina cin abincin kirki, mijinta ya ce tana tashi tsaye tana zagaye tsakar gida ba dalili. Ta kira mu ɗaki ta ce, "Kun zo kun hwama mata ciwon da ya hwara kamewa. Ku bar zanen ga hakanan." Ni na goyi bayan Gwaggo. Ƙanwata ta ce in ta daina yanzu, ta bar matar a tsakiyar hanya, kuma ba ita ta nema ba, an roƙe ta ne. Muka yi musu har na gaya mata fim ɗinta ya fi mata mutane. Ta yi kuka, ni ma ban ji daɗin bakina ba, don na san ba haka ba ne.

Sai wata ta tuna cewa yarinyar ta je biki Rabah da bazara, kuma an yi hotuna da waya. Muka hau mota muka tafi, muka yi ta tambaya har muka sami gidan amaryar. Ta karɓe mu da kyau, ta kawo fura, ta buɗe wayarta. Hoto ɗaya ne yarinyar ta fito a ciki, a can gefe, kuma daidai lokacin da aka ɗauka ta juya tana kallon wani abu a bayanta. Ƙeya kawai da kafaɗa, da tire a hannu. Ƙanwata ta daɗe tana buɗa hoton da yatsu har ya dushe.

A mota ta ce mani za ta zana yarinyar ta ba da baya, tana tafiya. Da muka koma ta tambayi uwar yadda yarinyar ke tafiya, sai ga magana ta ɓalle. Wannan ta san shi sarai, don in yarinyar ta ba da baya za ta fita, a nan ne take samun damar kallonta. Ta ce tana ɗan jefa ƙafar hagu waje, tana riƙe tire da hannu ɗaya, ɗayan yana lilo, kuma ba ta iya wuce kaza ba ta kore ta da ƙafa ba. Ta tashi ta kwatanta mana a tsakar gida, har Gwaggo ta rufe baki da gefen zane.

Hutu ya ƙare na koma Wurno, ƙanwata ta koma Sakkwato da aikinta. Sai da albasa ta kusa cira muka dawo ƙauyen tare. Da hantsi ne, a ɗakin Gwaggo, aka saki labule saboda haske, matan da suka ba da muryoyinsu suka cika ɗakin, ƙanwata ta kunna fim ɗin a kwamfuta. Suka yi ta gane junansu a zane suna dariya ƙasa-ƙasa. Sannan yarinyar ta fito, da jan kallabi da tire a ka, ta nufi gulbi, ƙafar hagu na fita waje, ta kori kaza. Uwar ta matso gaban kwamfutar a kan gwiwoyinta.

"Ita ce," ta ce. "Maido ta."

Ƙanwata ta maido da wurin. Aka sake kallo, aka kuma sakewa. Sai matar ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"To, Malama, juyo da ita."

"Yaya, ba ta juyawa. Iyakar abin da na zana ke nan."

"Kaɗan dai. Ko gehe guda."

Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Gwaggo ce ta tashi ta kama kafaɗar matar ta fita da ita, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, babu mai sallama.

Kafin mu tafi ƙanwata ta aika Gwaggo ta tambayi matar ko a cire wurin daga fim ɗin. Ta ce a bar shi. An nuna fim ɗin ga ɗalibai da wasu ƙungiyoyin mata, na ji an yaba, amma ƙanwata ba ta zama a ɗakin in an zo wurin, kuma ta daɗe ba ta fara wani aikin ba.

Da na je gaida Gwaggo bayan sallah, na tarar da matar a bakin banda, ta rame. Muka gaisa, ta tambayi yara da maigida. Da zan tafi ta rako ni har zaure, ta ce in gaya wa Malama tana ganin kamar yarinyar na da ɗan tabo a ƙarƙashin idon dama, ko na hagu, ba ta tabbata ba. Na ce zan gaya mata. Na hau mota zuwa Wurno ina ta tunanin ko in faɗa ko in bari.