Bututun Inna Mairo

Inna Mairo ƙanwar mahaifina ce, kuma duk garin Alela an san ta da abu ɗaya: ba ta barin kafa a ɗaki. Da zarar sanyi ya kama, sai ta bi bango da tsumma tana cusawa, taga, ƙarƙashin ƙyaure, har ramin da gara ta yi. Sannan ta hura kara da busasshen kashin shanu a tsakar ɗaki, ta zauna cikin hayaƙi, hawaye na zuba, tana yabon ɗumi. Shekara arba'in ke nan tana haka. Rufin ya yi baƙi kamar gindin tukunya, in ta yi tari kuwa har awakin maƙwabta sai sun ɗaga kai.

Ɗanta na fari, Almustafa, direban motar siminti ne a Malbaza. Ba ta kama sunansa, "mai mota" take cewa. 'Yarsa Badi'a, mai shekara uku, ita ce ran tsohuwar. Bara yarinyar ta yi kwana biyu a ɗakin, ta koma da tarin da ya kwantar da ita asibiti a Konni. Uwarta Surayya ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Inna, ku yi haƙuri, likita ya hana ta kwana cikin hayaƙi." Inna ta daina cin tuwon kirki, mu kuma muka yi ta shan faɗan da ba namu ba.

Almustafa ya turo wani magini, Tasi'u, ya gina mata murhun laka a kusurwa, da bututu da ya huda bango ya fita waje. Aka gwada da rana, hayaƙi ya bi bututu ya fice salin alin. Bayan kwana biyu Inna ta aika cewa wannan abu ya fi na da mugunta. Tasi'u ya hau kabu-kabu ya zo, ya hura, lafiya lau. Ya koma, aka sake aikawa. A zuwa na uku ya ƙi tafiya, muka zauna da shi a tsakar gida har la'asar sakaliya. Sai ga Inna ta fito da tsohon zane, ta taka turmi, ta dunƙule shi ta cusa a bakin bututun, har da dannawa da muciya.

Tasi'u ya miƙe. "Inna, mi kuke yi haka?"

"Kai ɗan nan, wa ka kwana da rami buɗe cikin ɗari? Da sahe ni kan cire abina, da shi nike ruhe gero."

Dariya ta ƙwace mini, muciyar ta sauka a gadon bayana. Tasi'u ya yi bayani har muryarsa ta dushe, ta ce ramin da ke fitar da hayaƙi shi ke shigo da sanyi, kada yaro ya koya mata ɗaki. Sai da Surayya ta bugo waya ta ce za ta kawo Badi'a ranar Juma'a, in dai bututu zai kwana a buɗe. Inna ta zare zanen da kanta, ta sa safar mai mota, ta lulluɓa da zanuwa uku, tana ta mita za a kashe ta da sanyi.

Asabar da safe na same ta a bakin ƙofa, idanu jajur, ga shi babu hayaƙi. Badi'a na ciki tana fushi, wai sau uku kaka ta tashe ta daga barci.

Na ce, "Inna, don Allah mi ta yi muku?"

"Shiru ni ji, ƙirjinta ba ya ƙara. Sai in girgiza ta, ina cewa ta tahi." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ɗiya tara na haihwa cikin ɗakin ga, kowane da kukan ƙirji yake kwana. Ni na ɗauka haka yara ka numfashi. Ukun da sunka koma, duk cikin ɗari ne."

Na zauna kusa da ita. Ta miƙo mini tsohon zanen ta ce in kai shi inda hannunta ba zai kai ba.